Faɗin Baki Ko Saitin Hannu: Jagora Ga Mai Riƙe Bindiga A Kara Da Kewaye

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025, hirar majalisa ta sauya a ƙasar Gwarzo da Kabo. Shanono maƙwabciya ce, iyakar Katsina kuma ba nisa, duk wanda ya saba bin titin Gwarzo zuwa Dayi ya sani. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, kowa yana neman ruwan da zai shafa wa nasa. A Kara, da Getso, da Kutama, da Garo, da Gude, in aka zauna bayan isha'i, gardama ɗaya ce take dawowa: wace bindiga ce ta fi ƙarfi? Wani ya ce mai faɗin baki. Wani ya ce a dai cika albarushi. Wanda ya kalli fina-finan Amurka kuma ya ce babu kamar fistol, ka soke ta a ƙugu ba wanda ya sani.

Ra'ayina a fili yake. Faɗin bakin bindiga shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dami mai tsaron gari. Abin da ke gabansa shi ne takardar izini, da lafiyar ƙarfen da ke hannunsa, da sanin inda harbinsa yake sauka, da sanin lokacin da bai halatta ya taɓa kunama ba. Na rubuta wannan ne domin maharbi da ɗan sintiri da magidancin da ke tunanin ajiye makami, kuma ina fata dagatai da masu unguwanni su karanta.

Mu fara da awo, don shi yake kashe gardama. Harsashin fistol da ya fi yawa a duniya faɗinsa milimita 9 ne, wanda Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20. Wanda Amurkawa suke kira .45 ya kai milimita 11 da 'yan kai. Bakin bindigar farauta mai lamba 12, irin mai baki biyu ɗin nan, ya kai kusan milimita 18 da rabi. To AK-47 fa, wadda ta hana Zamfara da Katsina barci? Faɗin harsashinta milimita 7.62 ne kacal. Duk ta fi su siranta, duk kuma ta fi su ɓarna. Dalili shi ne gudu: harsashinta yana fita da saurin da ya haura mita 700 a daƙiƙa guda, kusan ninki biyu na harsashin fistol, kuma yana samun abin da aka auna daga mita 300. Mai baki biyu, duk da faɗinta, in aka wuce mita 40 ko 50 ƙwayoyin dalmarta sun watse, ƙarfinsu ya ragu. Saboda haka wanda ya dubi bakin harba-ka-rugarsa ya ga yatsa yana shiga, ya ɗauka ya fi mai AK makami, ya yaudari kansa, kuma irin wannan yaudara rai take ci.

Ba mu muka fara wannan gardama ba. Amurkawa sun shafe fiye da shekara ɗari a kanta, sun kashe kuɗi masu yawa, kuma inda suka ƙare yana da amfani a gare mu. A ranar 11 ga Afrilu 1986, jami'an hukumar FBI takwas suka yi arangama da wasu 'yan fashin banki biyu a birnin Mayami. Cikin minti biyar aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar. Tun da wuri harsashin milimita 9 ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya ratsa hannunsa ya shiga ƙirji, ya tsaya dab da zuciya, amma mutumin ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifi a kan harsashin, ta koma mai faɗin milimita 10. Sai aka tarar da yawan jami'ai ba sa iya riƙe bindigar in ta tashi, hannu yana kaucewa, harbi na biyu yana tafiya wani wuri. Aka rage masa ƙarfi, daga nan aka sami harsashin .40 a shekarar 1990. A 2014 kuma sashen horarwa na hukumar ya ba da shawarar a koma milimita 9 ɗin da aka gudu daga gare shi. Hujjarsu ita ce, jami'ai suna kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harbinsu a lokacin arangama, kuma da bindigar da ba ta fizgar hannu sun fi samun abin da suka auna.

A tsaya a kan wannan adadi. Waɗannan mutane ne da ake biya albashi su koyi harbi, da filin atisaye, da harsashi na kyauta. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2008 a kan 'yan sandan birnin Niyok ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, in ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harbinsu yake samun wanda aka nufa. A watan Agustan 2012, a bakin dogon benen nan na Empire State, 'yan sanda biyu suka yi harbi 16 a kan mutum ɗaya da ke tsaye kusa da su, da safe gari a waye. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara suka ji rauni. Kowane harsashin da ya kuskure yana da inda zai sauka. A garuruwanmu kuwa, bayan wanda ka auna akwai dangar kara, akwai ƙofar langa-langa, akwai ɗakin da mace take kwance da goyonta. Garma mai faɗi a hannun wanda bai iya ba, dawa take sarewa tare da ciyawa.

Kafin hannu, sai doka. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu: bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja, da fistol da libarba kowace iri, har da ƙirar maƙera. Shugaban ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da izinin riƙe su, kuma hukuncin wanda aka kama da su ba izini ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Wato ga mutumin Kara, maganar wace fistol ce ta fi wata ba ta ma taso ba. Wanda ya kawo maka ita a leda da daddare ya ce ka saya da araha, gidan yari ya kawo maka, kuma ba ka san jinin wa ke kanta ba. Gida na biyu shi ne bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, izininsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Wadda ake ja a tura ta sake ɗura kanta ba ta cikin wannan gida, ko da yake mutane da yawa suna zaton tana ciki. Gida na uku shi ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, harba-ka-ruga da danginta, izininsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, wato hedikwatarsu ta Bompai a wurinmu. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 17, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi.

Kada wata sanarwar siyasa ta ruɗe ka. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, amma Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agustan 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Don haka hanyar ita ce: ka fara da mai unguwa da dagaci, su san ka, su san abin da ke hannunka. Ku je wurin DPO tare da shugaban ƙungiyarku ta maharba ko ta sintiri, ku tambayi halin da ake ciki a yau, a rubuta sunanka da bindigarka. In an ce babu izini, ka haƙura da bindiga. Usur da tocila da waya mai caji da gangar gargaɗi ba sa buƙatar lasisi, kuma a dare da yawa su ne suke tsirar da gari.

Ga wanda yake da izini, aiki na farko duba ƙarfe ne. A Ingila, tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a Bamingam, inda ake ɗura wa bututu abin da ya fi ƙa'ida a harba, in ya jure a buga masa hatimi kafin a sayar. Bindigogin gadonmu ba su bi ta irin wannan gida ba. Wasu bututunsu ƙarfen da aka yi don wani aiki ne daban, ga tsatsar damina ta shekaru. Bayan ka tabbatar babu ɗuri a ciki, ka haska tocila cikin bututun, ka shafa bayansa da yatsa daga gindi zuwa baki. In ka ji kumburi, ko ka ga tsaga ko da siririya ce, ko ramukan tsatsa, ko ka ga inda aka yi walda, wannan bindiga ta gama aiki. Ɗaure ta da waya ko roba ba gyara ba ne. Ka duba kunama ma: in ka ɗana ta, ka ɗan bubbugi gindin bindigar da tafin hannu ta faɗa da kanta, to ranar da ka yi tuntuɓe za ta tashi.

A nan ne gardamar Amurkawa take da 'yar'uwa a wurinmu. Su suna neman ƙarin faɗi, mu muna ƙara ɗuri. Saurayi ya ga ma'aunin da mahaifinsa yake amfani da shi, sai ya ninka, wai don ta yi ƙara ta kuma yi nisa. Abin da yake samu shi ne dukan kafaɗa mai tsanani, da hayaƙin da ke rufe masa ido, da bakin bindiga da ya ɗaga sama. Bayan harbi biyu ko uku jikinsa ya koyi tsoronta, sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi. Wannan in an yi sa'a ke nan. In ba a yi ba, bututu ya fashe a daidai inda hannun hagu yake riƙe, yatsu su tafi, wani lokaci har da ido. Duk wanda ya daɗe cikin maharba ya san mai irin wannan tabo.

Ka tsaya a kan ma'aunin da tsohon maharbi ya nuna maka don wannan bindiga taka, kada ka ƙara. Kada ka kuskura ka farke harsashin zamani ka juye garinsa cikin harba-ka-ruga, domin wannan gari yana haifar da matsin da bututunta ba zai ɗauka ba. Kada ka cusa kusoshi ko guntun ƙarfe, suna maƙalewa kuma suna tafiya inda suka ga dama. Ka ɗauki sandar ɗurinka ka zura a bututu lokacin da babu komai a ciki, ka yi mata zane da wuƙa a daidai baki. Ka sake yin wani zanen bayan ɗuri ɗaya. Daga ranar, duk lokacin da ka ɗauki bindigar, sanda za ta gaya maka ko akwai ɗuri, ko an ɗura sau biyu bisa mantuwa. Bayan harbi kada ka yi saurin zuba albarushi kai tsaye daga gorarsa, wataƙila akwai sauran garwashi a ciki. Ka goge, ka auna a ma'auni, fuskarka nesa da baki. In kuma ka ja kunama ta ƙi tashi, wanda yakan faru da damina in albarushi ya ji sanyi, kada ka juyo ta ka leƙa. Ka bar bakinta yana kallon inda ba kowa, ka jira aƙalla minti ɗaya cikakke.

Sai aikin da na fi so kowace ƙungiya ta yi, wanda kuma ba a cika yi ba: auna inda bindiga take kaiwa. Ku sanar da DPO da mai gari tukuna, ku zaɓi safiya, ku nemi wuri nesa da gidaje da burtali, wanda yake da tudun ƙasa mai tsayi a baya, kamar tsohon kududdufin da ya bushe. Kada ya zama dutse ko ruwa, dalma tana tsalle a kansu. Ku sami kwali babba, faɗinsa ya kai mita guda, ku yi ɗigo da gawayi a tsakiya, ku kafa shi a gindin tudun. Kowa ya koma bayan mai harbi, a toshe kunne ko da auduga ce. Ka auna taku goma, ka saita ɗigon, ka harba sau ɗaya. Je ka duba kwalin da kyau. Ramukan sun taru a kan ɗigon ko sun koma sama ta dama? Tafin hannu zai rufe su, ko sai faifai? Sauya kwali, ka koma taku ashirin, sannan talatin. Za ka ga da idonka yadda tarin yake buɗewa, har ka kai inda rabin ƙwayoyin ba sa ma samun kwalin. Nan ne iyakar bindigarka. Duk abin da ya wuce wannan taku, harbinsa ɓarnar albarushi ne, kuma ƙwayoyin da suka fita gefe suna neman wanda bai ji ba bai gani ba. Mai amfani da mai baki biyu ya yi wannan gwaji da irin harsashin da zai riƙe, domin mai lamba BB da mai lamba AAA ba sa watsuwa iri ɗaya. Ka rubuta abin da ka gani, ka ajiye kwalayen.

Sauran koyo ba ya cin albarushi. Tsayuwa ce, ƙafar hagu a gaba ga mai harbi da dama, jiki ya ɗan rusuna. Gindin bindiga ya zauna daram a ramin kafaɗa, kunci ya kwanta a kan katako a wuri ɗaya kullum. Yatsa yana danna kunama a hankali har ta tashi, ba fizga ba. Wannan sai da maimaici a gaban wanda ya iya, har jiki ya riƙe, saboda ranar da tsoro ya zo hannu yana rawa, numfashi yana sama-sama, abin da jiki ya saba shi kaɗai yake saura.

Akwai ƙa'idoji huɗu da wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa, kuma tsofaffin maharbanmu sun san su tun ba a rubuta ba. Kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin mai ɗuri. Bakinta kada ya kalli abin da ba ka yarda ka halaka ba. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an yi saiti an yanke shawara. Sannan ka tabbatar da abin da kake auna da abin da ke bayansa. Musulmi ba baƙo ba ne a nan: Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami, da umarnin a riƙe kan kibiya in za a ratsa masallaci ko kasuwa. Saurayin da ke rataye bindiga a kan babur bakinta yana kallon wanda ya goya, ko mai juya ta a majalisa yana raha, shugabansa ya karɓe ta a take, ko ɗan waye shi.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce mai wuya, domin aikin sintiri aikin dare ne. Motsi a cikin dawa ba shaida ba ne. Yana iya zama mai ban-ruwa da ya makara a fadama, ko ɗan acaɓa da mai ya ƙare masa, ko makiyayi mai neman saniyar da ta ɓata, ko ɗan'uwanka ɗan sintiri da ya zagayo ta wata hanya. Shi ya sa ba a fita sai an raba wurare kowa ya san inda ɗan'uwansa yake, an yi kalmar gane juna ta wannan daren, an kuma sa mutum ɗaya mai ba da umarni. Mai tocila ya tsaya gefe, ba a jikin mai bindiga ba. A yi magana da ƙarfi daga bayan katanga ko gindin bishiya, a tambayi mutum ko wane ne. Kamanni ko harshe ko ƙabila ba laifi ba ne. Mun ga yadda kisan kan-mai-uwa-da-wabi da wasu 'yan sa-kai suka yi a Zamfara ya ƙara wa wutar can mai, ba ma fatan a kawo mana irinsa ƙasar Gwarzo.

In kuwa abin da ka hango babura ne da yawa da manyan bindigogi, ka tuna awon da muka yi a sama. Mai ɗuri ɗaya da iyakarsa taku talatin ba ya tsayawa a fili da mai harsashi talatin da ke kaiwa mita 300. Aikinka a lokacin shi ne ka tayar da gari, ka kira jami'an tsaro ta lambar DPO ko 112, a fitar da mata da yara ta hanyar da aka shirya tun da rana. Wannan ba ragwanta ba ce, shi ne aikin da aka tsayar da kai dominsa.

Mutane suna yawan cewa, ai sai in harbe shi a ƙafa kawai. Wannan maganar fim ce. A cinya akwai babbar jijiyar jini, in ta tsinke mutum yana iya ƙarewa cikin mintuna kaɗan. Ƙafa da hannu kuma suna motsi, da wuya a same su, abin da ya kuskure ya wuce ga na baya. Shi ya sa masu horar da jami'ai a ko'ina suke koyar da auna tsakiyar abin da ido yake gani, don a rage kuskure. Ma'anar haka mai nauyi ce: babu harbin wasa, babu harbin ladabtarwa. Duk ranar da ka ja kunama a kan mutum, ka ɗauka rai ne zai iya fita, kuma za a tambaye ka a kotu, a kuma tambaye ka gaban Allah. Harbin iska ma ba shi da aminci in akwai dalma a ciki, abin da ya hau sai ya sauko.

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai daga farmakin da ya saɓa wa doka, ko don kare dukiya. Dokar Final Kod ta Arewa, daga sashe na 59 zuwa 67, ta yi bayanin iyakokin: kada cutarwa ta wuce abin da kariya take buƙata, babu wannan haƙƙi in akwai lokacin neman hukuma, kuma ba ya kaiwa ga kisa sai a kan barazana mai girma irin ta kisa ko mummunan rauni ko fyaɗe ko sace mutum. Ɓarawon akuya da ya juya baya yana gudu ba ya cikin wannan. Shari'ar Sunday Jackson, manomi a jihar Adamawa, ta isa darasi. Ya ce wani ne ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi, mutumin ya mutu. Kotuna suka ce da zarar ya ƙwace makamin haɗari ya kau, yana da damar gudu. A watan Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, sai daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Ko kana ganin hukuncin ya yi tsauri, haka kotu take auna abin: da barazana ta tsaya, haƙƙinka ya tsaya.

In ƙaddara ta afku aka sami wani, ko naku ko ba naku ba, jini ne abokin gaba na farko. Nemi tsumma mai tsabta, ka danna kan raunin da dukkan nauyinka, kada ka ɗaga don leƙawa. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. In raunin a hannu ko ƙafa yake kuma jini yana tsartuwa, ka ninke rawani ko ɗankwali ya yi faɗin yatsu uku, ka ɗaure sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, ka zura sanda a ƙullin ka murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu don zafi, kada ka sassauta. Duba agogo ka riƙe lokacin, likita zai tambaya. Kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani, kada a tono dalma da wuƙa, kada a ba shi ruwa ko abinci in raunin a ciki ko ƙirji yake. A nufi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa, su za su tura Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano in abin ya fi ƙarfinsu. Tsoron takardar 'yan sanda kada ya sa a ɓoye mai rauni a gida: dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba nan take ba tare da jiran izinin 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su cikin awa biyu. Kai kuma da ka yi harbin, ka kai kanka ofishin 'yan sanda tare da mai gari, da bindigar, da takardarka.

A gida, bindiga ba ta kwana da ɗuri a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa. A kulle ta a akwati, albarushi da harsashi a wani wuri daban, nesa da murhu da fitila, makulli a jikinka. Yaro ɗan shekara shida yana iya jan kunama. Ranar da aka yi faɗa a gida ko rikicin gona, kai ta wurin shugabanku ta kwana can. Maganin bindiga kuma, duk abin da mutum ya yarda da shi a ransa, ba a gwada shi a jikin ɗan Adam. An sha binne waɗanda aka gwada a kansu, wanda ya ja kunamar kuma laifin kisa ake tuhumarsa da shi.

Tafiya da bindiga ma tana da nata haɗarin. A ƙarshen watan Maris 2025, mafarauta 16 da ke dawowa gida Kano daga Fatakwal don yin Sallah aka kashe su a Uromi ta jihar Edo, bayan 'yan sintirin garin sun ga bindigogin farauta a motarsu, suka ɗauke su masu garkuwa da mutane. Allah ya ji ƙansu. Zalunci ne tsantsa, kuma waɗanda suka fara shi masu tsaron gari ne da suka yanke hukunci kafin su tabbatar. Maharbin da zai yi nisa ya tafi da lasisinsa da katin ƙungiya, bindiga babu ɗuri, a naɗe. Ɗan sintirin da ya tare baƙo da makami kuma ya miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa.

Kirana ga dagatai da sarakunan baka da shugabannin sintiri na Gwarzo da Kabo shi ne, ku zauna da DPO ku tsayar da rana ɗaya a kowane wata. A ranar a duba takardar kowa, a haska bututun kowace bindiga, a kafa kwali a auna, a kuma gayyato ma'aikacin lafiya ya koya wa matasa tsayar da jini. Wanda bai halarta ba, kada a ba shi bindiga ya fita da ita da dare.